Harhaɗa Bindiga a Gida: Abin da Dokar Nijeriya Ta Ce

A 'yan shekarun nan akwai wasu hotuna da ke yawo a wayoyin hannu, inda ake nuna mutanen Amurka zaune a gidajensu, sun baje sassan bindiga bisa tebur, suna bayanin dalilin da ya sa suka zaɓi wannan suka bar wancan, sai ka ce mai gyaran keke. Wanda ya ga irin wannan a Gusau ko Ibadan ko Fatakwal yana iya zaton shi ma ba laifi ya sayo sassa ɗaya bayan ɗaya ya haɗa tasa, balle in yana zaune a inda ɓarayin daji suka hana mutane zuwa gona. Wannan zato kuskure ne, kuma kuskuren da ke kai mutum gidan yari shekara goma.

Bindigar da aka fi nunawa a hotunan nan ita ce mai ɗura wa kanta harsashi. Watau in an ja kunama sau ɗaya, harsashi ɗaya ne ke fita, amma ƙarfin harbin da kansa yake fitar da kwanso ya shigar da wani harsashin, ba sai mai harbi ya sa hannu ba. Ta bambanta da bindiga mai jigida, wadda ke ta aman wuta muddin yatsa na kan kunama. Wadda ta fi shahara a Amurka ita ce AR-15, da aka ƙirƙiro cikin shekarun 1950, kuma kamfanoni barkatai ne ke ƙera sassanta.

Dalilin da ya sa Ba'amurke ke iya yin haka shi ne dokar ƙasarsa. Tun 1791 tsarin mulkinsu ya ba jama'a 'yancin riƙe makamai. Dokarsu ta tarayya ta 1968 kuwa sashe guda ta ware daga cikin sassan, watau uwar jikin da sauran ke hawa kai, ta ce shi ne bindiga; shi ke ɗauke da lamba, shi ake binciken mai saye a kansa, saura kuwa galibi ana sayar da su kamar kowace haja. Ko a can ɗin ma ba sakaka aka bar abin ba. Jihohi irin su Kalifoniya da New York suna da dokoki masu tsanani, kuma a 2025 Kotun Ƙolin Amurka ta amince da ƙa'idar da aka kafa a 2022, wadda ta sa ƙunshin sassan da ake sayarwa don a ƙarasa a gida ƙarƙashin dokar bindiga.

A Nijeriya al'amarin ba haka yake ba ko kusa. Dokar da ke aiki ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda aka kafa tun kafin samun mulkin kai, aka kuma yi mata gyare-gyare daga baya. Abu na farko da ya kamata kowa ya sani shi ne yadda ta fassara kalmar bindiga. A wurinta bindiga ba ita ce cikakkiyar da aka gama haɗawa kaɗai ba. Kowane sashe na jikinta bindiga ne. Saboda haka wanda aka samu da bututun bindiga kurum a ƙarƙashin gado ba zai ce wa alƙali ai guntun ƙarfe ne, ba ya harbi ba. Kafin a kai ga maganar haɗawa, riƙe sashen nan ba da lasin ba ya riga ya zama laifi.

Dokar ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko su ne haramtattu: igwa, da rokoki, da bama-bamai da gurneti, da bindigogi masu jigida, da na soja masu bakin milimita 7.62 ko 9, ko inci .300 ko .303, da libarba da sauran ƙananan bindigogin hannu. Waɗannan ba mai ba da lasinsu sai Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne waɗanda mutum ke iya neman lasinsu daga Sufeto Janar na 'Yan Sanda, kamar bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu, da raifal ta farauta wadda bakinta ba irin na soja ba ne, da bindigar iska. A nan akwai wurin lura: bindigar harbin tsuntsu mai ɗura wa kanta harsashi, ko mai wata na'ura ta sake ɗuri, an cire ta daga wannan kashi, kuma duk bindigar da ba a ambata a kashi na biyu ko na uku ba, ta faɗa cikin haramtattu. Kashi na uku su ne waɗanda ake ɗurawa ta baki, irin su adaka, kuma Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ne ke lura da sha'aninsu.

Lasin ba hakki ba ne da mutum zai tsaya kai da fata sai an ba shi. Hukuma na iya bayarwa, tana iya hanawa, tana kuma iya janyewa. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekaru biyar da suka wuce.

To, ko da mutum yana da lasin a hannu, lasin na riƙewa ne, ba na ƙerawa ba. Dokar ta hana kowa ƙera bindiga, ko harhaɗa ta, ko gyara ta, sai a taskar makamai ta gwamnati ko a masana'antar da aka kafa domin sojoji da yardar Shugaban Ƙasa, kamar Kamfanin Ƙera Makamai na Nijeriya, watau DICON, da aka kafa a Kaduna a 1964. Kalmar harhaɗawa a fili take cikin dokar. Ba hujja ba ne mutum ya ce bai narka ƙarfe ba, bai fafe komai ba, ƙusoshi kawai ya ɗaura. Sassaucin da aka yi guda biyu ne: Sufeto Janar na iya ba wani izinin sana'ar gyaran bindigogin kashi na biyu, yana kuma iya ba da izinin ƙera na kashi na uku da gyaransu, da yardar Gwamnan jiha. Babu wani izini da ya ba mutum damar haɗa wa kansa raifal a ɗakinsa. Hatta yanke bututun bindigar harbin tsuntsu har ya gaza inci 20 laifi ne.

Hukuncin ba na wasa ba ne. Wanda ya ƙera ko ya harhaɗa ko ya gyara bindiga ba bisa ƙa'ida ba, ɗaurinsa ba ya gaza shekara goma. Haka wanda aka samu da haramtacciyar bindiga, haka wanda ya shigo da ita ta ɓarauniyar hanya. Wannan na ƙarshe ya shafi mai yin odar sassa ta intanet, domin ƙunshin da ya iso tashar jirgin ruwa ko filin jirgin sama da sunansa, a idon doka bindiga ya shigo da ita. Ma'aikatan Kwastan kuwa sun sha kama irin wannan kaya: a watan Janairu na 2017 sun tare bindigogi 661 a Legas, a ɓoye cikin kwantena. Ban da wannan akwai Dokar Fashi da Makami, wadda aka fara kafawa a 1970 aka sabunta a 1984, ita ma ta tanadi ɗaurin shekara goma ko tara, ko duka biyun, ga mai riƙe bindiga ba da izini ba.

Tsananin nan yana da dalili. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 makamai sun watsu a hannun jama'a, fashi ya yi ƙamari har gwamnati ta kai ga harbe 'yan fashi a bainar jama'a. Bindigar da ta fito daga masana'anta tana da lamba, lambar na cikin rajista, rajista na nuna mai ita. In an yi ɓarna da ita akwai zaren da 'yan sanda za su bi. Wadda aka haɗa a ɓoye ba ta da uwa ba ta da uba. Yau tana hannun manomi mai tsoron ɓarayi, gobe an ƙwace ta tana hannun ɓarayin, ba kuwa wanda zai iya kai ƙarar ɓatanta. Wannan ne ya sa ƙasashen Yammacin Afirka suka sa hannu kan yarjejeniyar ƙananan makamai a Abuja a 2006, wadda ta wajabta sa wa makamai alama da rubuta su, Nijeriya kuma ta kafa cibiya ta musamman domin wannan aiki a 2021.

Ba a mance da maharba da maƙera ba. Adaka tsohuwar aba ce a ƙasar nan. Maƙeran Awka sun daɗe da yin suna a kanta, kuma a Kano da Katsina ba a hawan Salla sai an ji ƙararta daga 'yan bindigar Sarki, tun kafin wannan suna ya koma na masu kisa a daji. Shi ya sa doka ta ware mata kashi nata. Amma ko ita, maharba sun san abin da ke faruwa in an cika albarushi ko bututu ya tsufa: ba su da ƙarancin labarin wanda ya rasa yatsu ko ido. Harsashin raifal kuwa matsinsa ya ninka na albarushi nesa ba kusa ba, kuma fuskar mai harbi ce mafi kusa da wurin.

Mai lasin da bindigarsa ta sami matsala, ofishin 'yan sanda zai nufa a nuna masa mai gyaran da ke da izini. Wanda ya gaji bindiga kuma ya sani lasin mamaci ba ya shiga rabon gado. Sai ya hanzarta kai ta ga 'yan sanda, in yana so ya nemi nasa. Haka wanda wani sashe na bindiga ya shigo hannunsa, ko ta tsintuwa ko ta ajiya.