Keken Hawan Dutse: Abin da Ya Kamata Uwargida Ta Sani Game da Taya da Bawul

  

Yau batun keke na zo mana da shi. Na san wata za ta ce, "To ni da ko zaure ba na leƙawa, ina ruwana da keke?" Uwargida, da ruwanki. Wa ke kai miki ɗinkin hula kasuwa? Wa ake aika cefane, ko karɓo magani a kemis? Yaron nan ne mai keke. Ranar da taya ta sace, aike ya tsaya, an makara makaranta, kuɗin faci kuma galibi daga bakin zanenki yake fita. Sannan keken nan a tsakar gidanki yake kwana, kin fi kowa ganinsa.

Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne, kwanakin baya maigida ya sayo wa babban ɗana keke na hannu, irin mai giya da kaurin taya mai haƙora. Cikin mako guda sau uku ana kai shi wajen mai faci. A karo na huɗu na ce ba inda za a je, a cire tayar a gabana. Na sa hannu na shafa cikinta a hankali, sai ga tsinin ƙayar tsidau ya maƙale, bai kai ƙwayar gero ba. Ashe duk facin da ake yi, ana mayar da tiyub ne a kan ƙayar da ta huda shi. Tun daga ranar na shiga neman sanin wannan keke.

Sunansa keken hawan dutse, kuma asalinsa daga jihar Kalifoniya ne ta ƙasar Amurka. A cikin shekarun 1970 wasu samari na gundumar Marin suka riƙa ɗaukar tsofaffin kekuna masu nauyi suna gangarowa da su daga kan tsaunuka. A 1976 suka fara tsere a kan wata gangara, a 1977 kuma ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya ƙera keke musamman don wannan aiki. Kamfanin Specialized ya fitar da samfurinsa mai suna Stumpjumper kasuwa a 1981, daga nan abin ya bazu duniya. An shigar da tseren cikin wasannin Olamfik a birnin Atlanta a 1996, inda wata 'yar Italiya, Paola Pezzo, ta ci zinare a ɓangaren mata, ta sake ci a 2000. Da yake don duwatsu da hanya marar kwalta aka yi shi, shi ya sa ya karɓi lungunanmu masu rairayi da kwazazzabo.

To bari mu fara da taya. Wani likitan dabbobi a birnin Belfas, John Boyd Dunlop, ya ga ɗansa yana shan jijjiga a kan keke mai tayar roba zalla, sai ya haɗa masa taya mai iska, ya yi mata rajista a 1888. Kin ga ke nan tausayin ɗa ne ya kawo ta. Abu biyu ne a haɗe: tayar waje mai taka ƙasa, da robar ciki mai riƙe iska, wato tiyub, wanda wasu ke ce wa tif. Iskar nan ita ke ɗauke da nauyin yaro da kayansa.

Idan iska ta yi kaɗan, yaro ya daki dutse ko bakin kwalbati, ƙarfen wili zai matse tiyub ya yi masa huda biyu a jere. Masu keke suna kiran wannan saran maciji, don kamar shaidar haƙoran maciji take. In kin ga irin wannan huda, ba ƙaya ba ce, ƙarancin iska ne. Haka kuma taya mai laushi tana zamewa a kan wili, ta ja bawul ya karkace, har ya yage daga gindi, shi kuwa wannan wuri ba ya facuwa, sai sabon tiyub. Idan kuma iska ta yi yawa, keke zai riƙa tsalle, tayar ba ta kama ƙasa sosai, a kwana ko kan tsakuwa sai ta kwashe yaro. A gefen kowace taya an rubuta iyakar iskar da take ɗauka, da lambobi da haruffan PSI. A nan kuma za ki ga girmanta, ko inci 26, ko 27.5, ko 29. Ki sa yaro ya rubuta lambar a takarda kafin ya je sayen tiyub, don kada a sayo wanda bai dace ba.

Sai bawul, wato ɗan bututun da ake buga iska ta cikinsa. Iri uku ne, kuma rashin bambance su yana jawo asara.

Na farko shi ne wanda muka taso muka gani a kekunan iyayenmu, irin su Raleigh. Ana ce masa bawul ɗin Dunlop. A tsohon samfurinsa akwai 'yar siririyar roba a ciki, in ta tsufa ta tsage sai iska ta riƙa zurarewa alhali tiyub lafiyarsa lau. Robar kawai za a canza.

Na biyu shi ne irin na mota da babur, mai kauri, faɗinsa wajen milimita 8, da ɗan tsinke a tsakiya. Sunansa Schrader, sunan mutumin da kamfaninsa ya ƙera shi a birnin Niyok a farkon shekarun 1890. Wannan kowane mai faci yana da bakin famfonsa.

Na uku shi ne Presta, wanda ake ce wa bawul ɗin Faransa, siriri, milimita 6, da ɗan noti a kansa. Shi ne ke zuwa a yawancin kekunan hawan dutse masu tsada, kuma shi ne ke rikita mutane. Ba ya karɓar iska sai an warware notin nan na sama, an ɗan danna shi ya yi "fis", sannan a buga iska, a gama a mayar a ɗaure. Wanda bai sani ba sai ya ce bawul ya toshe, har ya ba da shawarar a faɗaɗa ramin wili a sa irin na babur. Uwargida, ki ce a dakata. Akwai ɗan ƙarfe ƙarami da ake murɗawa a kansa ya karɓi famfon babur, kuɗinsa kaɗan ne, shi kuwa rami in an faɗaɗa shi ba ya komawa.

Yanzu sai taya marar tiyub, wadda masu faci ke ce wa tubles. Kamfanin Mavic na Faransa, tare da Michelin da Hutchinson, su suka fito da tsarinta na keken hawan dutse a 1999, yau kuma ita mafi yawan 'yan tsere ke hawa. Ga yadda take. Ana liƙe cikin wili da wani tef na musamman don iska kada ta fita ta ramukan waya. Bawul ɗin a jikin wili ake ɗaure shi, da roba a gindinsa. Bakin tayar kuma yana kama wili gam. Sannan a zuba wani ruwa fari a ciki, wanda akasari da ƙaron itacen roba ake yinsa, kimanin mililita 60 zuwa 120 a kowace taya, wato cokalin cin abinci 4 zuwa 8. In ƙaya ta huda, iska za ta turo ruwan cikin hudar, ya daskare ya toshe ta, kamar yadda jini ke daskarewa a bakin ciwo. Sau da yawa mai keke bai ma san an yi ba. A ƙasa irin tamu mai tsidau da ƙayar aduwa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Kuma tunda babu tiyub, babu saran maciji irin na tiyub.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Ruwan yana bushewa cikin wata biyu zuwa shida, a zafinmu na bazara kuwa ya fi saurin ƙafewa, sai an ƙara. Yana iya toshe bawul, sai an kwance cikinsa an wanke. Ba ya toshe babbar yanka ta kwalba ko kwano. Ba kowace taya ko kowane wili aka yi don wannan tsari ba, in aka tilasta wanda ba nasa ba, taya tana iya suɓucewa ana cikin gudu. Kuma ɗora ta karon farko yakan so iska mai ƙarfi lokaci guda, irin ta injin mai faci.

Idan an sayo keke na hannu aka tarar tubles ne, ki ɗauka ruwan ya daɗe da bushewa. In ba a samun ruwan a garinku, ba abin damuwa ba ne, ana cire bawul ɗin a sa tiyub. Sai dai a nan ne ake yin kuskure. Tayar da ta yi aiki da ruwan nan takan ƙunshi ƙayoyi da yawa waɗanda aka toshe suna ciki, in ba a bi an tsince su ba, sabon tiyub ba zai kwana ba. Wani abu kuma, ruwan kamar madara yake a ido. In ya shigo gida, a ɗora shi inda hannun ƙananan yara ba ya kai, kada kuma a juye shi cikin robar abin sha.

To me za ki iya yi daga inda kike? Sau ɗaya a mako, ki ce a kifa keken a tsakar gida. Ki danna kowace taya da babban yatsa, in ta lotsa da sauƙi tana son iska. Ki juya ta a hankali kina tsince ƙaya da gilashi. Ki duba ko bawul yana tsaye sak, ki ɗiga masa ruwan sabulu a baki, in ya yi kumfa daga nan iska ke fita. In kin ga gefen taya ya tsattsage, ko zare ya fito, ko ta yi ƙulli, kada a sake hawa sai an canza, musamman ta gaba, don in ta fashe a guje yaro ba ya iya riƙe kan keke.

Faci ma ana yi a gida. A buga wa tiyub iska a nutsa shi cikin baho, inda ya yi ɓulɓul nan ce hudar. A goge ya bushe, a kankare wurin da samfefa, a shafa sholisho sama-sama, a jira ya sha iska har ya daina sheƙi, sannan a manna faci a danne. Gaggawar mannawa tun yana danye ita ke sa faci ɗagowa. Kafin a mayar, a shafa cikin tayar da tsumma tukuna, sannan da yatsa, kada a yi irin tawa. Daga ƙarshe, a riƙa ajiye keke a inuwa, nesa da murhu da kananzir da fetur, don rana da mai suna cin roba.

Ki zaunar da yaron ku yi tare, har ya iya da kansa, 'yan matan gidan ma su matso su gani. Rigakafi dai ya fi magani.

A nan zan dakata. Sai wani makon idan Allah ya kai mu, a gaida yara, a huta lafiya.