Hawan Dutsen Dala: Tafiyar Yini Guda Daga Ajingi

Ƙasar Gaya da Ajingi shimfiɗaɗɗiya ce, gona bayan gona, sai kuka da ɗorawa. Saboda haka yaro yakan gama firamare ya haddace sunayen duwatsun duniya, alhali bai taɓa hawan abin da ya fi rumbu tsawo ba. Malami ya ce masa a Siwizalan akwai duwatsun Alps, inda ƙanƙara ke narkewa ta taru ta zama tafkuna a can sama, yaro ya ce "To," ya rubuta. Amma fa bai gane ba. Maganin wannan yana nan kusa, watau Dutsen Dala a cikin birnin Kano, ana zuwa a komo a yini guda.

Mutanen Gaya ma sun fi kowa hakkin zuwa. Labarin da aka gada ya ce maƙera ne daga Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, suka zo neman tama, suka same ta a Dala, suka zauna. Masu binciken ƙasa kuwa sun tono alamun narkar da ƙarfe a gindin dutsen tun wajen ƙarni na 7, kafin zuwan Bagauda a shekarar 999. Ashe yaron Ajingi in ya hau Dala, sawun mutanen ƙasarsu ya bi.

A tashi bayan sallar asuba, a bi ta Gaya, a haye gadar Wudil, da hantsi an isa. Hawan ba shi da wuya. Ƙwanƙolin dutsen yana mita 534 bisa teku, amma birnin kansa a kan tudu yake, don haka abin da mutum zai hau bai kai mita 100 ba, ga kuma matakala. Dattijo ma yana iyawa in ya riƙa hutawa. A riƙe ruwan sha, a sa takalmi mai kama ƙasa, gama tsakuwar marmara tana da santsi. Malami ɗaya a gaba, ɗaya a baya, kada a bar yaro ya matsa bakin gangare.

Lokaci shi ne babban abu. Wanda ya zo tsakiyar hunturu ya yi asarar kuɗin mota, don hazo zai rufe masa kome. Gara ƙarshen damina, cikin Oktoba, sa'ad da ruwa ya wanke sararin sama.

In an kai sama, kada malami ya yi saurin buɗe baki. Ya bari yara su yi kallo tukuna. Sa'an nan ya shimfiɗa taswira a ƙasa, ya sa su nemi Goron Dutse, da hasumiyoyin Babban Masallaci, da Gidan Rumfa kusa da shi, da Kasuwar Kurmi, da inda ganuwa ta bi, wadda aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu. Daga nan ne Bajamushen nan Barth ya zana hoton birnin a 1851. Rabin sa'a na irin wannan, a ganina, ya fi darasin mako guda a kan allo.

Tafkuna fa? Namu su ne kududdufai, kuma ba ƙanƙara ta yi su ba, hannun mutum ne. Nan aka haƙi ƙasar da aka gina gidaje da ganuwa, ramukan suka zama matattarar ruwan sama. Da yawa an cike su an yi gini a kai, ruwan da ya rasa masauki kuwa sai ya shiga gidajen mutane. A sa yara su ƙirga waɗanda suka rage, su rubuta, ajin baɗi ya zo ya gwada da nasa lissafin.

Shi kansa dutsen ruwa na zaizayarsa, gidaje sun matse shi, shara ta taru a gindinsa. Kome aka ci a sama, a sauko da ledarsa. Kafin a shiga mota a ƙirga yara sau biyu, a bar birni da la'asar don a isa Ajingi kafin magariba.