Allurar Sinawa: ciwon da take sauƙaƙawa da wanda ya fi ƙarfinta

A wurinmu, idan aka ce allura, ruwan magani ne ake ɗura wa mutum a jiki. Allurar mutanen Sin dabam ce. Siririya ce kamar gashin wutsiyar doki, kuma babu magani a cikinta ko kaɗan. Likita yakan kafa ta a wani gurbi na jiki, ya bar ta kamar minti 20 ko 30, sannan ya zare. Tun 1976 ƙasar Sin ta fara aiko likitoci Nijar, shi ya sa wasunmu suka san wannan jinya.

Ilimin ya haura shekara 2000. Tsofaffin littattafansu sun ce akwai wani ƙarfi da suke kira "ci", mai gudana cikin manyan hanyoyi 12 na jiki kamar ruwa cikin lambatun gona. In hanya ta toshe, sai ciwo ya tashi. Likitocin zamani ba su ga waɗannan hanyoyi ba. Sun fi ganin cewa allurar tana taɓa jijiyoyi ne, sai jiki ya fitar da abin da ke rage zafi.

A manyan makarantun da aka buɗe a Bejin da Shangai a 1956, ɗalibi yakan shekara 5 yana karatu, ya haddace gurabe 361. Ana koya masa jinyar ciwon baya, ciwon gwiwa, ciwon kai, karkacewar baki, shanyewar ɓarin jiki, tashin zuciya, ciwon mara da rashin barci. Har ƙaho suna koyo, irin na wanzamanmu, sai dai nasu na ƙarau ne ko na gora.

Amma koyarwa dabam, tabbaci dabam. Inda bincike ya fi nuna amfaninta shi ne ciwo mai daɗewa: bayan manomi da ya sha duƙe, gwiwar tsoho, ciwon ɓarin kai mai zuwa yana komowa, da amai bayan fiɗa. A nan ma sauƙi take kawowa, kuma sai an yi ta komawa. Ga shanyewar jiki kuwa, ba ta maye gurbin motsa gaɓoɓi da maganin hawan jini.

Ba ta kashe ƙwayar cuta. Yaro mai zazzaɓin cizon sauro, ko sanƙarau, ko mai tarin fuka, asibiti za a kai shi ba tare da jinkiri ba. Su kansu Sinawa, da suka tashi yaƙar zazzaɓi, daga wani tsiro suka samo maganin a 1972. Wata masaniya, Tu Yuyu, ta sami lambar Nobel a kansa a 2015, kuma shi ne tushen ƙwayoyin da ake ba mu a yau.

Wanda zai karɓi wannan jinya, ya ga an ɓare sabuwar allura a gabansa, domin wadda aka soka wa wani tana iya ɗauko ciwon hanta ko sida. Mace mai ciki ta faɗa wa likita tun kafin a fara. Kada a yarda da ɗan koyo a kasuwa: allurar da ta nutse da yawa a ƙirji tana iya huda huhu.