Tsatsa a Jikin Injin Sassaƙar Ƙarfe

Injin sassaƙar ƙarfe, watau wanda wuƙarsa ke juyawa tana cin ƙarfen da aka ɗaure bisa teburinsa, tsatsa takan kama shi da damina. In za a kwance shi, sai a yanke wuta tukuna, a jiƙa notoci da kananzir su kwana. Wanda ya ƙi, a ƙwanƙwasa shi da gudumar tagulla. Hanyoyin da tebur ke zamewa a kai kuwa, faufau kada a sa musu magagari, gama abin da ya ci ba ya komowa, aikin injin ya karkace ke nan. Lalle malami ya rubuta kowane yanki da lambarsa saboda ranar mayarwa. Ran nan a shafa wa hanyoyin man inji, ban da giris, don yana riƙe ɓarɓashin ƙarfe.