Roba da tafasasshen ruwa: Abin da ya kamata mai shan gahawa ya sani

A 'yan shekarun nan shan gahawa, wadda aka fi sani da kofi, ya wuce na gwangwanin da ake ɗiba da cokali a dama. A gidaje da ofisoshi ana ƙara ganin injinan dafa ta masu aiki da lantarki da kuma matatai na hannu. Galibin waɗannan kaya akwai roba a jikinsu, kama daga tankin ruwa da bututun da ruwan ke bi, har zuwa mazubin da garin ke zama. Shin wani abu na fita daga robar ya shiga abin da ake sha?

Amsar ita ce yana fita. Sai dai yawansa ya danganta ne da abubuwa uku: irin robar, zafin ruwan, da kuma tsufan kayan.

Ana haɗa gahawa ne da ruwan da zafinsa ya kai digiri 90 zuwa 96 a ma'aunin Selsiyos, wato dab da tafasa. Ga shi tana da ɗan tsami da maiƙo. Zafi yana hanzarta fitar sinadarai daga jikin roba, maiƙo kuma yana jan wasu daga cikinsu. Saboda haka robar da ba ta da matsala da ruwan sanyi ba lallai ne ta dace da ruwan zafi ba.

Sinadarin da aka fi jin tsoro

Sinadarin da ya fi tayar da ƙura shi ne BPA, wanda ake haɗa robar folikabonet da shi, wata roba mai tauri da ake hango abin da ke cikinta kamar gilashi. A cikin jiki yana kwaikwayon istirojin, sinadarin da ke daidaita al'amuran haihuwa, shi ya sa aka fi damuwa da jarirai da masu juna biyu.

Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a kwalaben shayar da jarirai a 2011, Amurka ta biyo baya a 2012. A Afrilun 2023 hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta rage adadin da ta ce jiki zai iya ɗauka a kullum har ninki 20,000, sannan a Disamban 2024 aka amince da haramta shi a kayan da ke taɓa abinci, tare da bai wa kamfanoni wa'adi. Ita kuwa hukumar abinci da magunguna ta Amurka tana kan matsayinta cewa ɗan abin da ake samu a abinci ba ya cutarwa.

Wasu kamfanoni ba su jira doka ba. Matatar hannu ta AeroPress, wadda ta fito a 2005 da folikabonet, ta sauya roba a 2009, ta kuma koma foliforofilin a 2014. Wannan darasi ne ga masu sayen kayan gwanjo: tsohon injin da aka shigo da shi daga Turai ko Amurka yana iya kasancewa an ƙera shi tun kafin a yi irin wannan sauyi.

Haka kuma rubutun da ke nuna babu BPA a kaya ba shi ne ƙarshen magana ba, domin wasu na maye gurbinsa da danginsa, BPS da BPF, waɗanda bincike ya nuna suna aiki irin nasa a jiki.

A duba lambar da ke gindin kaya

A ƙasan yawancin kayan roba akwai lamba daga 1 zuwa 7 a cikin alama mai kusurwa uku. Lamba 5, ko haruffan PP, ita ce foliforofilin. Ba a haɗa ta da BPA, kuma ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 160. Ita ce ta fi dacewa da ruwan zafi.

Lamba 1, wato PET, ita ce ta gorar ruwa da lemo, tana fara laushi tun wajen digiri 70. Lamba 6 ita ce ta fararen kofuna da mazuban abinci masu kama da soso, irin waɗanda Jihar Legas ta haramta a Janairun 2024 saboda gurɓata muhalli. Lamba 7 kuwa tarkace ce, kuma a cikinta folikabonet take, wani lokaci da haruffan PC.

Ɓurɓushin da ido ba ya gani

Ko robar da ta dace ma tana zubar da ƙananan ɓurɓushi. A 2019 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada sun gano cewa jakar ganyen shayi guda ɗaya ta roba, idan aka tsoma ta a ruwa mai zafin digiri 95, tana sakin ɓurɓushi kimanin biliyan 11.6. A 2020 wani binciken a Kwalejin Trinity da ke Dublin ya nuna kwalaben jarirai na foliforofilin suna sakin miliyoyin ɓurɓushi a kowace lita, kuma adadin na ƙaruwa da ƙaruwar zafi. A rahotonta na 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta ga alamar ɓurɓushin da ke cikin ruwan sha na barazana ga lafiya ba, amma ta nemi a zurfafa bincike.

Abin da ya kamata a yi

Ba sai an zubar da inji mai kyau ba. Abin lura shi ne kada ruwa ya kwana a tankin roba, kada a goge robar da soson ƙarfe, kuma duk wadda ta tsage, ta dusashe ko ta fara wari a sauya ta. Sabon inji a fara zagaya ruwa zalla a cikinsa sau biyu ko uku, a zubar.

Mai son kauce wa roba kusan gaba ɗaya yana da zaɓi: matatar tangaran ko ta gilashi, butar bakin ƙarfe marar tsatsa, ko tukunyar Moka ta Italiya da aka ƙera tun 1933. A Habasha da Sudan kuwa har yau da 'yar tukunyar yumɓu mai suna jabana ake dafa gahawa.

Amma abin da ya fi kusa da mu ba a cikin inji yake ba. Ƙulla tafasasshen shayi ko koko a leda, da ɗura ruwan zafi a tsohuwar gorar lemo, su ne ainihin haɗa zafi da robar da ba a yi ta domin haka ba. Wanda zai aika a sayo masa shayi, ya haɗa ɗan aiken da filas ko kofin ƙarfe.