Wai duk mai garkuwa da mutane Bafulatani ne?

A ƙarshen watan Maris na 2025, ana dab da ƙaramar Sallah, 'yan banga suka tare wata babbar mota a Uromi ta jihar Edo. A cikinta akwai mafarauta da suka taso daga jihar Ribas za su gida Kano, akasarinsu 'yan Torankawa a ƙaramar hukumar Bunkure. Aka ga bindigogin farauta, aka ji Hausa a bakinsu, sai ihu ya tashi cewa masu garkuwa da mutane ne. Mutum 16 aka kashe, aka cinna musu wuta, ba a jira alƙali ba. Mutanen yankin sun daɗe suna fama da masu satar mutane, wannan gaskiya ne. Amma waɗanda suka ƙone ba su ne ɓarayin ba.

Mun yi kuka a Arewa, kuma kukan ya dace. Abin da ke ci mini rai shi ne, hukuncin nan na duba kama da harshe shi muke yanke wa Bafulatani a kasuwanninmu. Don haka bari mu tankaɗe maganar.

Gaskiya ne manyan 'yan bindigar dazukan Zamfara da Sakkwato da Katsina, irin su Bello Turji da Dogo Giɗe da Ado Aleru, Fulani ne. Musun wannan cin fuska ne ga uwar da aka kashe wa ɗa. Ƙaryar tana cikin kalmar "duk". Garkuwa don kuɗin fansa ta yi ƙamari a yankin Neja Delta tun wajen 2006, lokacin da ake sace ma'aikatan kamfanonin mai. Evans, mai garkuwa da mutanen da aka kama a Legas a 2017 kuma kotu ta yanke masa ɗaurin rai da rai a 2022, ɗan jihar Anambra ne, a gidan alfarma yake zaune kafin a kama shi, bai taɓa bin saniya ba.

Ko a nan gida, daji ba ya rayuwa sai da gari. Wa ke kai musu man fetur da burodi da ƙwaya? Wa ke gyara musu babura? Wa ke gaya musu cewa Alhaji wane ya sayar da buhu hamsin na masara jiya, kuma yau a ɗakin amarya zai kwana? Infoma ɗan unguwa ne, wani lokaci ɗan gida, da shi ake sahu ɗaya a masallaci. A 2022 gwamnatin Zamfara ta tuɓe sarakunan Zurmi da Ɗansadau bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga.

Ana kuma cewa Fulani ba sa cikin waɗanda ake zalunta. Wannan ma ba haka ba ne. Garken makiyayi aka fara korewa kafin a iso rumbun manomi, kuma har yau ana sace matan ruga ana neman fansa. 'Yan sa-kai sun kashe Fulanin da suka shigo cin kasuwa ba tare da tambaya ba, 'yan bindiga kuwa suka samu hujjar jan 'ya'yan mamatan zuwa daji.

Dubi Owo. Ranar 5 ga Yuni 2022 aka kai hari cocin Katolika na garin, aka kashe kimanin mutum 40. Kafin a kwashe gawarwaki, an gama yanke hukunci a Facebook cewa makiyaya ne. Gwamnatin tarayya ta ɗora alhakin kan ƙungiyar ISWAP, waɗanda ake zargi kuma a jihar Kogi aka kama wasu daga cikinsu. Labarin farko ya zagaya ƙasa, na biyun kaɗan ne suka ji.

Illar ba ta tsaya a bakin 'yan banga ba, tana bin mutum har ofishin 'yan sanda. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi. Yaron ruga da aka kama saboda sandarsa da malfarsa, ba Turanci, Hausar ma da ƙyar, ba lauya, ba mai tsaya masa a beli, yana iya shafe shekaru a can kafin wani ya buɗe takardarsa. Wanda ya nuna gidan Alhaji kuwa yana majalisa da yamma, ana zagin Fulani da shi.