Shafin intanet ma haya yake zama

Jama'ar Gure da ƴan uwa mazauna Kano da Libiya, in ƙungiyarku za ta buɗe shafin intanet, sai kun kama masa haya cikin wata babbar kwamfuta. Hayar iri 3 ce.

Ta haɗaka ta fi araha: ɗaki ne a gidan haya, in baƙin maƙwabci suka yi yawa, shafinku ya yi nauyi. VPS sashenku ne da ƙofarku, amma sai da wanda ya san aikin. Ta ukun gida ne sukutum, tsada gare ta.

Ƙaramar ƙungiya, ta haɗaka ta ishe ta. Amma ku ajiye kwafi a hannunku: a Maris 2021 gobara ta ci kwamfutocin kamfanin OVH a Faransa, wasu suka rasa komai.